Jinjina ga Gwanayen Landan

Duk mai son koyon siyasa ya daina ɓata takalminsa a ofishin jam'iyya, ya nemi bizar Birtaniya, can malamai suke. A 2009 jaridar Daily Telegraph ta tona yadda 'yan majalisar ƙasar ke wasa da kuɗin alawus. Wani ya nemi gwamnati ta biya shi fam 1,645 na ɗakin da ya saya wa agwaginsa a tsakiyar kududdufi, wani kuma ya kawo lissafin yashe ramin ruwan da ya kewaye gidansa na gado. Daga 2010 sai aka shiga tsuke bakin aljihu, aka rufe ɗakunan karatu, aka zabge tallafin marasa ƙarfi. Talaka ya cika ya batse. Da ƙananan 'yan siyasa ne, da sun tsaya ba da haƙuri. Su kuwa gwanaye sai suka kama hannun talaka, suka nuna masa Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, suka ce ga mai laifin can. Aka bar jaki aka koma dukan taiki, jakin ma shi ya miƙo sandar.

A ƙuri'ar raba gardamar ranar 23 ga Yunin 2016 kusan kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. Dole a yaba wa jar motar nan da ta zaga ƙasa da rubutu a gefenta, cewa fam miliyan 350 ake aika wa Turai duk mako, gara a zuba su a asibitoci. Hukumar ƙididdiga ta ce lissafin yaudara ne, amma ina ruwan mota da hukumar ƙididdiga? Washegari da sassafe Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin masu neman ficewa, ya fito a talabijin ya ce wannan alƙawarin kuskure ne, kuma ba shi ya yi ba. Wannan ita ce amana: bai bari mutane sun wuni cikin ruɗu ba. A 2023 masu jiran layin asibiti a Ingila sun haura miliyan 7, alamar jama'a sun ji labarin kuɗin sun taho gani da ido.

An yi alƙawarin mulki zai dawo hannun 'yan ƙasa, ya kuwa dawo, har ya rasa hannun da zai zauna. Firaminista David Cameron ya kira ƙuri'ar, ya sha kaye, ya tattara komatsansa. Theresa May da ta gaje shi ta kai yarjejeniyar ficewa majalisa sau uku ana watsa mata ƙasa a ido, karon farko da ratar ƙuri'a 230. Magajinta Boris Johnson, don tsabar ƙaunar majalisa, sai ya rufe ta a 2019 don ta huta, har Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka. Shi ne kuma 'yan sanda suka ci tara saboda shagali a fadar gwamnati lokacin korona, sa'ad da ya hana talakawa zuwa jana'izar iyayensu. Liz Truss kuwa ba ta son wahalar da mutane: kwana 49 kacal ta yi a kujerar firaminista, wata jarida ma ta ajiye ganyen latas a gaban kyamara don a ga wanda zai riga wani yaushi, latas ya yi nasara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka yi maganin masu mulkin da ba zaɓaɓɓu ba, tunda kukan da aka yi da Brussels ke nan. Johnson ya naɗa ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya a Majalisar Dattawa, inda ba a shiga da ƙuri'a kuma ba a fita sai an ga dama. Zumunci ai ibada ne. A 2023 aka ɗauko Cameron daga hutu, aka ba shi kujera a can, aka ɗora masa ministan harkokin waje, ba tare da an dami ko mutum ɗaya da tsayawa layin zaɓe ba.

Batun baƙi ma sun cika alƙawari har da gyara. Kafin ƙuri'ar, rarar masu shigowa a kan masu fita ta ɗan haura 300,000 a shekara. A 2023 ta wuce 900,000. 'Yan Poland sun ragu, 'yan Indiya da 'yan Najeriya suka cike gidajen kula da tsofaffi, don haka mu ma sai godiya. Fasfo ya koma shuɗi kamar na da, kamfanin Faransa da Holan ya samu kwangilar, ana buga shi a Poland. Masu hasashen kasafin gwamnati sun ce tattalin arziki zai yi ƙasa da kusan kashi 4 cikin ɗari, amma Jacob Rees-Mogg, ɗan gani-kashe-nin ficewa, ya riga ya kwantar da hankali cewa cin cikakkiyar ribar zai iya ɗaukar shekara 50. Mai gaggawa ne kawai zai yi ƙorafi.

Shi ko Farage, da ya yi shekara 20 yana karɓar albashin majalisar Turai yana zaginta, a 2023 ya fito ya ce ficewar ta gaza, laifin 'yan siyasa ne. Dama ya riga ya sa wa jam'iyyarsa suna Reform, ya ci kujerar Clacton a 2024, kuma Allah cikin ikonsa ya nuna masa inda gizo ke saƙa: wata yarjejeniyar ce ta Turai, ta kare haƙƙin ɗan Adam. Ita ma da an fice, in sha Allahu komai zai gyaru.