Alhaji Zai Leƙa Gwanzu

Wata uku ke nan majalisarmu ta bakin tsohuwar masaƙa a Sharada ba ta da wata hira sai ta tafiyar Alhaji. Kwana biyar zai yi a Gwanzu ta ƙasar Caina. Biyar rak, har da ranar zuwa da ta dawowa. Amma in ka ga shirin da ake yi, sai ka rantse ayarin fatake ne zai tashi zuwa Gwanja fataucin goro, lokacin da mutum kan bar wasiyya kafin ya ɗora wa jaki mangala.

Da farko dai sirri ne, don Bahaushe ba ya bayyana tafiya saboda baki. Alhaji ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce, "Malam, kai kaɗai na gaya wa, don Allah kar ta fita." Na riƙe amana kwana biyu ina jin kaina wani babba, sai ga mai shayin bakin titi yana tambayata ko na ji Alhaji zai tafi Caina. Shi ma shi kaɗai aka gaya wa. Kafin Juma'a ta zagayo, mu 'yan "kai kaɗai" mun kai arba'in. Shi kuwa mai sirrin, ko a kan kuɗin kwasar shara aka yi masa waya, sai ya miƙe tsaye ya ɗaga murya: "A'a, bari sai na dawo daga Abuja, maganar bizar nan ce ta riƙe ni."

Daga nan masana suka ɓullo. Ba ka sanin yawan masana Caina a garin nan sai wani ya yanki tikiti. Mutumin da iyakarsa Kwanar Ɗangora shi zai gyara zama ya zayyana maka yadda ake cin kare da maciji a can, kamar da shi aka yi watandar. Wani ya ce shinkafarsu ta roba ce. Wani ya ce kada Alhaji ya kuskura ya karɓi shayi a hannun kowa. Mutum ɗaya ne a majalisar ya taɓa zuwa, wani ɗan Kwari da fasfonsa ya cika da hatimi har aka sake masa wani, shi kuwa bai ce uffan ba. Da aka matsa masa sai ya ce, "Allah ya kai ka lafiya, Alhaji. Garin dai akwai zafi." Ɗan Kwari zai ba ka aron mota, ya ba ka auren 'yarsa, amma katin masana'antar da ke buga masa atamfa, wannan sai dai magada su tsince shi a ƙasan akwati.

Sai sautu. Uwargida na son injin markaɗe da labule. Amarya na son duk abin da uwargida ta ce, amma nata ya ɗara kaɗan. Surukin Alhaji na son fitila mai aiki da hasken rana, limamin unguwa na son lasifika, maigadi na son tocila, wata gwaggo daga ƙauye ta aiko a sayo mata shayin rage ƙiba, alhali in iskar hunturu ta kaɗa da ƙarfi sai an riƙe ta. Takardar ta cika shafi uku. Ba wanda ya haɗa sautunsa da ko sisi, kowa cewa yake, "Ai can arha ne." Kuma babu abu ɗaya a takardar nan da ba za ka samu yau a Sabon Gari ko Farm Centre ba, daga can ɗin aka kawo shi, a kwalinsa. Ba kayan ake so ba, ana so ne a ce, "Wannan Alhaji ne ya zo mini da shi da hannunsa."

Guzuri kuwa, Hajiya ta ɗaura ɗamara kamar mijinta zai shiga yaƙin Basasa. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin rogo, dakakken yaji cikin gwangwanin madara har biyu. Na ce, "Alhaji, a filin jirgin Baiyun jami'an kwastan ba sa barin a shiga da nama, za su karɓe kilishin nan." Ya ce to me zai ci a ƙasar da ba Musulmi? Nan na yi dariya har sai da ya ji haushi. A Gwanzu akwai masallacin Huaisheng, wanda mutanen garin ke cewa ya haura shekara 1,300, hasumiyarsa ta girmi ta Gobarau nesa ba kusa ba. Akwai kabarin da suke jingina wa sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihi sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, kuma a masallacin da ke gefen wurin ne 'yan kasuwar Afirka ke cika sahu ranar Juma'a. Mu kuwa sai zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau mulki a 1349, Wangarawa suka zo aka tsayar da salla a fadar Kano. Wato tun ba a haifi Sarki Yaji ba ake kiran salla a garin da Alhaji zai tafi da gwangwanin yaji don kare imaninsa. A unguwar Shawbe, inda baƙaƙen fata suka yi sansani, gidajen abincin halal birjik suke. Duk da haka kilishin na cikin jaka, an naɗe shi a tsohuwar shadda, wai ko na'ura ba za ta gane ba.

Jadawalin tafiyar shi ne abin kallo. Yaron Alhaji da ya gama digiri ne ya buga shi a kwamfuta. Ranar farko baje-kolin Kanton, nan cikin Gwanzu. Ta biyu Foshan, duba tayil da kujeru. Ta uku Shanzan, kasuwar waya. Ta huɗu Yiwu. Ta biyar, da safe kafin jirgi, a ɗan leƙa Babbar Ganuwa a yi hoto. Ba wanda ya gaya musu cewa daga filin jirgin Malam Aminu Kano, in ka bi ta Addis Ababa ko Alƙahira, yini da kwana ya tafi a hanya; cewa agogonsu ya riga namu da awa 7, don haka lokacin da mai masana'anta ya buɗe ofis, jikin Alhaji na ce masa tsakar dare ne; cewa Yiwu wani lardi ne daban; cewa ganuwar da ake hoto a kanta tana wajen Beijin, fiye da kilomita 2,000 a jirgin ƙasa, wato kamar ka je Legas ka dawo. Alhaji ya ɗauka kamar daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Na'isa ne. Ni dai na ce masa in ganuwa yake marmari, ga tamu nan, abin da masu yanka filaye suka rage. Shi kansa baje-kolin, wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara, a watan Afrilu da Oktoba, filinsa ya haura murabba'in mita miliyan ɗaya. Alhaji ya ware masa "bayan la'asar", kuma da takalmin sau-ciki sabo dal zai zagaya shi.

Abu ɗaya ne ya kusa rusa tafiyar, ba biza ba, ba tsadar dala a Wapa ba. Ranar da aka gaya masa WhatsApp da Facebook ba sa aiki a Caina, sai da ya ajiye kofin shayi. "To hoton fa?" Gaskiyarsa. Ina amfanin mutum ya tsaya gaban hasumiyar Kanton mai tsawon mita 600, da babbar riga da hula zanna, in abokan hamayyarsa na Kwari ba su gani a daren ba? Sai da yaron ya sa masa wata manhaja mai zagaye katangar da ta toshe su, sannan jini ya dawo fuskarsa. Aka kuma ce can ko mai gasa dankali a bakin titi da waya ake biyansa, ta WeChat ko Alipay. Alhaji ya gyaɗa kai, ya koma gida ya sa tela ya yi wa 'yar cikinsa aljihun sirri.

Abin da yake gaya wa majalisa shi ne injina zai je dubawa, zai tayar da masaƙar da mahaifinsa ya bari. In ya faɗi haka har idonsa kan kawo ruwa, mu ma mu ce Allah ya cika buri. Wanda ya san Bompai da Sharada da Challawa a shekarun 1970 da 1980 ya san abin da ake wa kuka: jiniya ta yi ƙara, ma'aikata su fito kan kekuna kamar fari, masu abinci su yi ciniki har dare. Yau rabin gine-ginen sito ne, dilolin yadin da aka saƙa a wata ƙasa ne ke kwana inda injin saƙa yake a da. Wuta ba ta tsayawa, man dizal ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, bututun gas na AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 kuwa, majalisarmu ta sha shayi tulu-tulu tana jiransa. Sai dai wani ɗan sa-ido ya leƙa tikitin Alhaji. Baje-kolin zango uku ne: injina a zangon farko, tsakiyar Oktoba, yadi da sutura da takalma a na uku, ƙarshen wata zuwa farkon Nuwamba. Tikitin Alhaji na ranar 30 ga Oktoba ne. Da aka tambaye shi, ya ce ai kuskuren mai yankar tikiti ne, kuma canzawa akwai tara.

Dangantakarmu da mutanen Caina sai mu. A 2012 jami'an shige da fice suka kama gommansu a Kantin Kwari, aka yi ta murna. A 2015 marina suka yi tattaki zuwa fadar Sarki suna kukan yadin Caina ya kashe musu sana'a. A 2019 fadar ta naɗa Wakilin 'Yan Caina, da rawani da komai. Mu zage su da safe, mu nemi bizarsu da hantsi. Kuma kalmar "ɗan Caina" da muke jifan kaya da ita in ya lalace, a tambayi wanda ya yi oda. Ciniki a can da kalkuleta ake yi. Mutumin zai nuna maka mai kyau ya danna farashi. Kai kuma ka dafe ƙirji ka ce "taigwaila", wato ya yi tsada, kalma ɗaya tilo da Alhaji ya haddace bayan "nihaw". Ba zai ce maka albarka ba. Zai yi murmushi ya miƙo maka kalkuletar ka danna abin da kake iya biya, shi kuma ya ƙera maka daidai kuɗinka: a rage zare, a rage rini, amma kwali da tambari a bar su yadda suke. Bayan wata biyu kwantena ta iso ta Apapa, ko a sauke ta a tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, atamfa ta zuba a wankin farko, Hajiya ta ce, "Kai, mutanen nan ba sa tsoron Allah." Alhaji ya ce, "Wallahi kuwa."

Tun muna makarantar allo muke jin a nemi ilimi ko da a birnin Sin ne. Malamai na da ja a kan ingancin maganar, 'yan kasuwa kuwa sun sasanta rigimar cikin sauƙi: suna zuwa birnin, su bar ilimin inda suka same shi.

Jiya aka raka shi filin jirgi da mota shida. An yi addu'a, an yi kuka, gwaggo ta sake tuna masa shayinta. Kafin ya shiga, ya kira maigadi gefe ya ce a nemo 'yan jari-bola su zo su yi wa sauran injinan da ke ɗakin baya kuɗi, a share wurin, akwai kaya na tafe. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai ba ka da saƙo?" Na ce haba Alhaji, ni da nake rubutu a kan masu sautu? Sai dai in ya ga cajar waya mai ƙarko, irin ta asali, ya riƙo mini biyu. Kuɗin in ya dawo ma yi magana.