Masu Taya Mawaƙi Lalacewa

Duk fadar shan shayi da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, in aka kunna sabuwar waƙar mawaƙin da ya haura shekara ashirin yana sana'a, kafin a sauke tafasar farko wani ya yanke hukunci: "Ai wane ya lalace." Hukuncin ba kullum yake zama ƙarya ba. Murya tana dusashewa, azanci yana ƙafewa, 'yan amshi suna watsewa, kuma wanda ya zazzage duk abin da ke cikinsa a faifai goma yakan rasa abin zubawa a na sha ɗaya. Abin da ba a son faɗa shi ne mawaƙi ba ya lalacewa shi kaɗai. Taya shi ake yi, masu tayawar kuwa su ne waɗannan da ke zaune kan tabarma suna jiran kofi ya zagayo. Cutar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Ingila akwai wani salon kiɗan gita mai dogon zango, inda waƙa ɗaya takan cinye fuskar faifai sukutum, wanda ƙungiyoyi irin su Pink Floyd da Genesis da Yes suka yi tashe da shi tun wajen 1970. Masoyansu, yau duk da furfura, har gobe suna musu a kan ranar da abin ya karkace: wasu sun ce ranar da Peter Gabriel ya bar Genesis a 1975, wasu sun ce ranar da Roger Waters ya fice daga Pink Floyd a 1985. Tuɓe musu rigunan sanyi, ka zaunar da su gindin bedi a Kanambakashe, ba wanda zai ce baƙi ne.

Shugaban masu tayawar shi ne Malam Na-Da. A wurinsa mawaƙi ya gama waƙa tun a kaset ɗin da ya saya shekarar da yake zuwa zance. Tambaye shi lokacin da kiɗa ya kai ƙololuwa, amsar za ta faɗo daidai kan shekarar da ya sayi keken farko. In ya ba sittin baya, to zamanin samariya ne, lokacin Janar Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987, sa'ad da kowace unguwa ke da ganga da 'yan rawa. In bai kai haka ba, to lokacin da marigayi Sani Abusa da ƙungiyarsa ta Super Haske ke tashe daga Damagaram ne. Yana da kaset guda a ƙulle cikin leda. Yakan ciro shi, ya hure ƙura, ya zura biro ya murza zaren da ya saki, ya saka cikin rediyon da aka ɗaure murfinsa da roba, ya lumshe ido. Rabin abin da ke fitowa shuuu ne kawai, amma shi yana jin komai, domin ba daga rediyon yake ji ba. Ko Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ya kuma shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa kafin rasuwarsa a 1999, Na-Da ya raba shi gida biyu: Shata na gaskiya, da wani dattijo mai kama da shi. Ɓarnar Na-Da ga mawaƙi ita ce ya toshe masa ƙofa biyu. In ya sauya salo, ya ci amana. In ya maimaita, ya ƙare. Mawaƙin da ke tsoron bakin Na-Da sai ya ɗauko tsohon kiɗansa, ya cire sunayen matattu ya sa na masu rai, ya kira shi sabon faifai.

Kishiyarsa shi ne Gani-Kashe-Ni, wanda bai taɓa jin waƙar gwaninsa da ba ta fi ta bara ba. In muryar ta shaƙe, ya ce ta nuna. In gwanin ya manta baiti ya koma kan na baya, ya ce jaddadawa ce. In waƙar ba ta da ma'ana ko kaɗan, ya ce zurfi gare ta, sai mai hankali. Turawa suna da irinsa rututu: tun da Chris Squire ya rasu a 2015 ba ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka kafa Yes a 1968 da ya rage a ƙungiyar, amma ana ci gaba da buga faifai da sunan, akwai kuma masu saye suna rantsuwa ba abin da ya sauya. Mu nan gado muke kiran abin, kuma ba laifi ba ne. Bayan rasuwar Musa Ɗanƙwairo a 1991 'ya'yansa sun riƙe kiɗan gidansu, haka aka saba. Laifin yana wurin mai cewa ba ya jin bambanci, domin shi ne ke hana magaji ya nemi tasa muryar. Gani-Kashe-Ni ya fi Na-Da haɗari da abu ɗaya: Na-Da yana can nesa yana ƙorafi, shi kuwa wannan yana cikin motar mawaƙi, shi ke riƙe masa waya, shi ke ce masa, "Maigida, wallahi wannan ta fi duka."

Amma duk su biyun 'yan rakiya ne in aka kwatanta da Alhaji Mai-Liƙi, kuma don a gane ƙarfinsa sai an fara leƙa rumfar yaron da ke cajin waya a tasha. Wannan yaro yana zaune gaban tsohuwar kwamfuta, wayoyi talatin suna reto a jikin katako, manomi ya miƙo masa ɗan katin waya ya ce a cika masa. Da 'yan canji kaɗan za a tura masa waƙoƙi ɗaruruwa, kuma ko dala ba za ta isa hannun wanda ya rera su ba. Yaron ma ba ruwansa da waye waye: duk muryar tsoho da ya ji da kalangu a ƙarƙashinta, sai ya rubuta Shata. Tun da faifai ya daina ciyar da mai shi, ba abin da ya rage wa mawaƙi sai biki da taron siyasa, a nan kuwa Alhaji ke jira. Ya sayar da wake ko aya ko raguna ya samu, ya shigo fili da babbar riga, ya zaro takardar jikka goma ya manna a goshin mawaƙi, ya tsaya. Ba zai matsa ba sai an ambaci sunansa da na mahaifinsa, da uwargida da amarya, da direban babbar motarsa, da ƙanensa da ke Libiya. Yana juya baya wani Alhajin ya taso, domin ba za a yi da shi a zaune ba. Kafin dare ya raba waƙar ta koma kiran suna irin na ajin lakwal, kuma ita ce za a ɗauka a waya ta zama sabon faifan bana. Da safe Alhaji da kansa ne zai ce mawaƙan yanzu ba su da fasaha.

Za a ce ai yabo shi ne tushen kiɗan Hausa tun fil azal, me ya sa sai yau zai zama guba? Ba da yabon Sarkin Gobir na Isa Narambaɗa ya yi suna ba? Ba a fadar Damagaram Ma'azu Ɗan Alalo ya yi nasa ba? Haka ne, amma akwai bambanci mai girma tsakanin makaɗin fada da makaɗin fili. Makaɗin fada ubangida ɗaya gare shi shekara da shekaru, yana da lokacin da zai zauna da 'yan amshinsa su ɗinka waƙa, su warware, su sake ɗinkawa, kuma ya san a fadar akwai kunnuwan da suka ji makaɗan da suka gabace shi, akwai abokan hamayya masu jiran ya yi tuntuɓe. Tilas ya nemo wa mutum ɗaya sabuwar magana a karo na hamsin, wannan tilas ɗin kuwa shi ke wasa azanci. Makaɗin fili iyayengiji arba'in gare shi a dare ɗaya, kowanne sunansa kawai yake son ji, ba ruwansa da abin da ke gaban sunan ko bayansa. Yabo bai sauya ba. Mai sayensa ne ya daina duba kaya.

Ana cikin haka sai Ɗan Zamani ya ɓullo da shawara: "Baba, duniya ta wuce kalangu, ka shigo sitidiyo." Ya ja dattijo zuwa Maraɗi ko Kano, a sallami makaɗan da suka yi shekara talatin tare, a ɗora shi kan fiyano, wani yaro ya miƙe masa murya da kwamfuta har ta koma ta ɗan shekara sha tara mai mura. Tsofaffin masoya suka ji suka tsere, samari kuwa ba su zo ba, domin suna da nasu, su Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, waɗanda a cikin fiyanon suka tashi kuma sun san kansa. A nan ma akwai mai ja da magana, yana da hujja: Genesis ta bar dogayen waƙoƙi ta koma gajeru masu sauƙin bi a ƙarƙashin Phil Collins, faifanta na 1986 kuwa ya yi kasuwar da na da ba su taɓa yi ba. Gaskiya ne, sauyi ba shi ne lalacewa ba. Sai dai su waɗancan da hannunsu suka sauya, suka koyi sabon abin har suka iya shi. Namu dattijon ɗora masa aka yi, bai ma san inda ake kashe na'urar ba.

Sauran 'yan fadar ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai Mai-Asiri, wanda bai yarda murya tana tsufa ba: ko dai layar mawaƙi ta faɗi a wani biki, ko wani abokin sana'a ya yi masa sammu, kuma ya san garin da aka binne abin. Amfanin bayaninsa shi ne ba wanda ya yi laifi, ba kuma abin gyarawa sai neman malami. Akwai Mushe, malamin makaranta, mai raba rayuwar mawaƙi zango uku da rabin Faransanci, ya zana a ƙasa da tsinke, alhali ba a taɓa ganin ƙafarsa ta motsa a fili ba. Akwai Tubabbe, wanda ya bar jin kiɗa tun da ya fara zuwa wa'azi, yana zaune can gefe da carbi yana a'uziyya. Bari wani ya karkata baiti ɗaya a hira, sai ka ji daga gefen nan an ce, "Ba haka ya faɗa ba," a gyara masa tsaf har da amshi, sannan a koma istigfari. Shi ma a ganinsa waƙar ta lalace, wanda ke nuna yana saurare. Mai ɗan kusanci da gaskiya a cikinsu shi ne Mai-Lissafin-Amshi, wanda ya san ranar da babban makaɗi ya yi fushi kan rabon kuɗi ya tafi, kuma tun daga ranar kiɗan ya rame. Sau da yawa daidai yake faɗa, domin kiɗan ƙungiya a hannun na baya yake, na gaba suna ne ya fi yawa. Matsalarsa ita ce ya fi son labarin faɗan da kiɗan kansa, kuma shi ne yakan kai gulmar da ta haddasa faɗan.

Mai karatu na iya cewa an wanke mawaƙi an shafa wa jama'a baƙin fenti, alhali ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya. Ba a wanke shi ba. Akwai ragwanci, akwai kwaɗayi, akwai girman kan da ke hana mutum ya ce faifan bana bai nuna ba, a bari sai baɗi. Amma da tsufa ne kaɗai ke kashe waƙa, da Barmani Coge ba ta ci gaba da tayar da mata tsaye da ƙwaryarta ba har kusan rasuwarta a 2013, da Ɗan Maraya Jos bai riƙe mutuncinsa da ɗan kuntiginsa ba har 2015. Tsufa yana ɗauke tsinin murya, yana kuma ba da nauyin magana; wanne daga ciki zai bayyana a faifai ya danganta da abin da ake biya da abin da ake tafa wa. Mawaƙi ɗan kasuwa ne, abin da aka saya jiya shi zai kawo gobe.

Mutum ɗaya ce a duk wannan taro take yin hukunci da kunne, ita kuwa ba ta zama a fada. Uwar biki ce, a Urafan take ko a Cake. Ba ta san shekarar da aka buga kowane faifai ba, ba ta san wa ya fita wa ya shigo ba. In kiɗa ya yi, ta ɗaura gyale a ƙugu ta faɗa fili; in bai yi ba, ta ce bari ta duba tukunya, ba za ta dawo ba, kuma bikin baɗi wani makaɗin za a kira. Ba ta zagi kowa ba, ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Kai da ke da gwani wanda ya tsufa a hannunka, in ya saki sabon faifai bana, ka saurare shi har ƙarshe kafin ka buɗe baki. In ya yi, ka saya a hannunsa, ba a tasha ba. In bai yi ba, ka faɗa masa cikin ladabi, ka kuma bar jikka gomarka a aljihu.