Salansa sabuwa, kafireto na nan jiya i yau

Mai babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, na tsere cikin yashi, ba ya hawa sai ya yi masa kwaskwarima. Ya cire salansar kamfani ya ɗaura mai tayar da unguwa, ya huda murfin matatar iska, sannan ya garzaya wurin bakanike yana rantsuwa wai an yi wa injin baki. In ana lallaɓawa lafiya lau. Da an murɗe totur ƙarshe sai tari, fat-fat-fat, mai keke ya zo ya wuce shi yana ɗaga hannu.

Babu wani baki, yunwa ce. Iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba: an ninka baƙi, tukunyar tuwo tana nan yadda take. Cikin kafireto akwai ɗan jet na tagulla da ke shayar da injin idan totur ya kusa ƙurewa, raminsa kuwa da tsohuwar salansa aka auna shi. In ana son tabbatarwa, fulogi ba ya ƙarya. In bakinsa ya yi fari fat, a sa jet mafi girma. In ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, zumuɗi ya sa an wuce gona da iri.

Kafin bakanike ya ce a sauke inji dai, mai babur ya ɗan sassauta murfin tanki ya sake gwadawa. Wani lokacin ƙura ce kawai ta toshe ramin numfashinsa, ana nan ana cinikin sabon CDI, na'urar da ke ba fulogi wuta.