Ziyarar Uhudu da Matsalar Farar Mota

Ziyara, a yadda alhazan ƙasar Hausa suka san ta, ita ce zagayen da ake yi da maniyyata a cikin mota zuwa wuraren tarihi na birnin Madina, kuma ko da yake ba ta cikin rukunan aikin Hajji, duk wanda ya koma gida bai yi ta ba yakan rasa abin da zai faɗa wa masu zuwa yi masa barka da sauka. Tsarinta kusan ɗaya ne kowace shekara, domin akan fara da Masallacin Ƙuba, wanda aka aza harsashinsa a shekarar hijira ta 622, a wuce Dutsen Uhudu, sannan Masallacin Ƙiblataini, wato mai alƙibla biyu, inda aka juya daga fuskantar Baitul Maƙdis zuwa Ka'aba a shekara ta 2 bayan hijira, a ƙare a filin Yaƙin Gwalalo, ramin da Salmanul Farisi ya ba da shawarar a haƙa.

A cikin waɗannan wurare, Uhudu ya fi ko'ina cin alhazai, kuma dalilin ba dutsen ba ne, filin ajiye motoci ne. Dutsen yana arewa da Masallacin Annabi (SAW) da kimanin kilomita 5, a gabansa akwai maƙabartar shahidai kusan 70 na yaƙin shekara ta 3 bayan hijira, cikinsu har da Sayyidina Hamza, a gefe kuma ga ɗan tudun da ake kira Jabalur Rumat, wato tudun maharba, inda aka tsayar da mutum 50 a ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair da umarnin kada su gusa. A nan malaman bita, waɗanda ke koyar da maniyyata aikin Hajji tun daga gida, sukan ja dogon wa'azi a kan bin umarnin shugaba, su rufe shi da gargaɗin cewa minti ashirin kawai aka bayar, kowa ya riƙe lambar motarsa.

Wani dattijo daga Jama'a, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Samaru a ƙaramar hukumar Sabon Gari ta ƙasar Zazzau, ya fi kowa gyaɗa kai a lokacin wa'azin, har an ji yana tsawatar wa wani saurayi da ke duba waya, amma da idonsa ya faɗa kan masu sayar da ajwa, baƙin dabinon Madina da ake nema don albarka, sai ya ga cewa ciniki na minti biyu ba zai zama saɓa umarni ba. Cinikin ya ci abin da ya ci, saboda shi da Hausa yake tayi, mai kaya kuma da Larabci yake cewa albarka, kowannensu yana ɗaga yatsu yana zaton ɗan'uwansa ya gane. Lambar mota kuwa bai riƙe ba, tun da a iya saninsa, daga Samaru zuwa Kwangila har PZ, da muryar yaron mota ake gane mota. Alamar da ya ajiye a ransa ita ce motar fara ce, direbanta mai gemu, siffar da ta dace da kusan kowace mota a filin.

Sai da farar motar da ya shiga ta hau titi ya lura cewa maƙwabcinsa na kujera ya rage tsawo, ya sa baƙar hula ta karammiski, kuma mai jawabi a gaba yana magana da harshen da ba a taɓa jin sa a bita ba. Alhazan Indunusiya ne, ƙasar da ta fi kowace yawan kujerun Hajji, fiye da 200,000 a shekara, mutane masu ladabin da ya hana su tambayar baƙo dalilin zamansa, sai ma suka miƙo masa ruwa da biskit. Da yake su daga Uhudu suka fara, sai ga dattijon a Ƙuba karo na biyu, inda ya sake yin nafila, yana lissafa ladan umara biyu bisa hadisin da ya zo a kan falalar salla a wannan masallaci. Ko ladan na biyu yana tabbata ga wanda kuskuren mota ya kawo shi, wannan mas'ala ce da ta fi dacewa da malaman cikin birnin Zazzau.

Katin shaidarsa, mai ɗauke da sunan masauki, yana cikin jakar da ya bari a motar farko don kada ya ɓata, saboda haka duk wanda ya tambaye shi inda ya sauka sai ya ce kusa da Harami, amsar da ta haɗa shi da dubban ɗaruruwan mutane. Wata takari, wato Bahaushiyar da ta daɗe da zama a Saudiyya, ita ta gane yadin yunifom ɗin da ke jikinsa, ta ce, "Baba Alhaji, ai ku ne na Kaduna, tun azahar 'yan agaji ke cigiyarku." Ya amsa da cewa shi bai ɓata ba, ƙarin ziyara ya tsaya yi.

Ƙiblataini dai bai gan shi ba, amma wannan bai hana shi bayyana shi dalla-dalla a zaurensa na Jama'a ba, har yana gyara wa waɗanda suka shiga suka yi salla a ciki. Ajwar kuwa ta zarce da mutanen Indunusiya a ƙarƙashin kujera, don haka dabinon da aka raba wa masu barka da sauka, wanda da yawa suka shaida cewa ɗanɗanon Madina daban ne, ɗansa ne ya auno shi da asuba a kasuwar Sabon Gari.