Keke da Mota a Hanyar Kwanar Dangora zuwa Doguwa

Manyan hanyoyi biyu ne suka ratsa kudancin Jihar Kano. Ta farko ita ce tagwayen hanyar da ta taso daga birni, ta bi ta Kura, ta nufi Zariya. Ta biyu daga jikin ta farkon ta ɓalle a Kwanar Dangora, inda ƙasar Bebeji da ta Kiru suke maƙwabtaka, ta wuce Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta shiga ƙasar Doguwa, daga nan sai Saminaka da Jos. A kan wannan kwalta tirela da tanka da bas da Golf da babur da amalanken shanu da keke suke neman abinci tare, kuma a takarda doka ɗaya ce take hukunta su duka.

Rubutacciyar dokar tana da masu kula da ita. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda jama'a ke kira 'yan Rod Sefti, da aka kafa a 1988 zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Akwai kuma KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa wadda gwamnatin Kano ta kafa a 2012. Abin da littafin ƙa'idojin hanya ya nema daga mai keke ba shi da yawa: ya bi hannun dama kamar kowane abin hawa, ya kasance da birki mai kamawa da ƙararrawa, ya kunna fitila da dare, ya miƙa hannu kafin ya yi kwana. Shi kuma mai ƙaramar mota an ce kada ya wuce gudun kilomita 50 a awa a cikin gari, ko 100 a babbar tagwayen hanya, kuma in zai wuce mai keke ya bar masa fili.

Dokar da ke aiki a ƙasa dabam ce, ba a kuma taɓa buga ta ba don ba za ta cika layi biyu ba: babba ya wuce, ƙarami ya kauce. Tirela tana korar bas, bas tana korar Golf, Golf ta kori babur, babur ya huce a kan mai keke. Mai keke ba shi da na ƙasa da shi sai mai tafiya a ƙasa da kaza, kuma ko kazar ba kullum take sauraron ƙararrawarsa ba. Halitta ɗaya ce ta fi ƙarfin wannan tsari, wato saniya. Idan garke ya fara tsallaka titi a wajejen Falgore, direban da bai taɓa taka birki don ɗan Adam ba sai ya tsaya cak, ya jira har ɗan maraƙi na ƙarshe ya gama shawara.

Ba haka keke ya faro ba. Akwai zamanin da sabon Raleigh abin hawan malamin makaranta ne da ma'aikacin En'e, ana yanka masa lasin, a ɗaura masa lamba, ɗan doka ya tare wanda bai biya ba. Da babur ya yi arha sai keke ya koma hannun manomi da ɗan aike da mai kai kifin Tiga kasuwa. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ƙoƙarin dawo masa da martaba, ya riƙa hawansa zuwa aiki a Abuja, sai wata bas ta hankaɗa shi cikin kwata. Abin da ministan ya kasa yi da wa'azi, tsadar mai ta yi shi cikin 'yan makonni. Daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, aka shiga zaƙulo tsofaffin kekuna daga bayan rumbu, masu faci suka samu kasuwa.

Babban saɓanin mai keke da doka shi ne batun hannu. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, amma wanda ya tsaya rabin awa a bakin titin Tudun Wada zai yi zaton labarin bai gama zagaya ƙauyuka ba. Hujjar masu bin hagu ita ce gara mutum ya ga abin da zai kashe shi ido da ido, da a ce ya zo masa ta ƙeya. Magana ce mai daɗin ji a majalisa, sai dai lissafi bai goyi bayanta ba. Motar da ke gudun 80, in ta biyo bayan keke mai gudun 15, da saurin 65 take cim masa. In kuwa gaba da gaba suke, 95 ne. Ga shi kuma direban da zai fito daga lungu ya hau titi yakan duba ɓangaren da motoci ke zuwa ne kawai, ba ya tsammanin kowa daga ɗaya ɓangaren. Mai keke yana ganin motar sarai, ita ce ba ta gan shi ba.

Sai batun lodi. Doka ta ɗauki keke a matsayin siririn abu da ke bin gefen titi. Mai keken da ya ɗaure damin rake ko karan dawa a gicciye a kan kariya, faɗinsa ya kai na ƙofar zaure, kuma shi kansa bai san inda lodin ya ƙare ba, tunda a bayansa yake. Akwai mai buhun masara biyu da ba ya hawa sai dai turawa, akwai mai goyon mutum biyu, ɗaya a kariya ɗaya a kan ƙarfen gaba, akwai mai akuya a kwando. Waɗannan duka ba sa miƙa hannu kafin kwana, domin duk hannun da ya saki sitiyari, tafiyar ta ƙare.

Direbobi su ma suna da nasu yaren. Oda ɗaya gajeriya gaisuwa ce. Biyu a jere neman fasinja ne. Doguwar oda wadda ba ta yankewa daga bayan mutum ma'anarta birki ba zai samu ba, kowa ya yi ta kansa. Sigina kuwa ta fi kowace alama yawan fassara: tana iya nufin mai motar zai yi kwana, ko yana ba na bayansa izinin wucewa, ko yana gargaɗinsa kada ya wuce, ko kuma tun Kura ya kunna ta ya manta. Motar da ke gudun 100 tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka lokacin da mai keke zai zauna ya tantance wace fassarar ake nufi bai taka kara ya karya ba.

Da kaka akan samu ƙarin mai haƙƙi a titi. Tudun Wada ƙasar shinkafa ce, Doguwa ta masara, kuma babu dandamalin shanya da ya kai gefen kwalta zafi da tsafta. Sai a baza amfanin gona a daidai wurin da doka ta bar wa mai keke, a jera duwatsu don kada taya ta hau. Ya rage wa mai keke ya zaɓa: ko ya shiga tsakiyar titi ya gamu da tirela, ko ya hau shanya ya gamu da mai shanya. Masu gogewa sun ce tirela ta fi sauƙin kai, don ita ba ta bin mutum har gida.

Yadda dokokin biyu ke cin karo ya fito fili a abin da ya sami wani malamin firamare a wannan hanya. Mai wannan rubutu ya san shi ƙwarai, hula ɗaya ma suke sawa. Da fetur ya gagare shi, sai ya jingine babur, ya ɗauko keken mahaifinsa, ya sa aka yi faci aka zuba wa sarƙa baƙin mai. Robar birki ce kawai ya ce a bari sai an yi albashi. Da yake mai ilimi ne, sai ya nemi littafin ƙa'idojin hanya ya karanta, ya ƙudurta cewa shi ne zai zama abin koyi a yankin.

Ranar kasuwa ya fito cikin babbar riga, yana bin hannun dama tsaf. Da ya kusa inda zai karya hagu, sai ya miƙe hannun hagu sambal kamar yadda hoton littafin ya nuna. Wani mai babur da ke tahowa daga gaba, a hannun da ba nasa ba, ya ga dattijo ya miƙo hannu, sai ya rage gudu ya kama hannun ya girgiza, ya ce, "Malam, barka da hantsi, ya iyali?" Malam ya amsa da lafiya lau, keke ya yi tangal-tangal, ya samu ya daidaita shi, ya sake miƙa hannun. Wannan karon direban wata Golf da ke biye da shi ne ya gani. A iliminsa, duk hannun da ya miƙe a bakin titi fasinja ne, ko da kuwa a kan keke yake, tunda akwai igiya a but. Ya sha gabansa, ya taka birki, ya leƙo ta taga yana cewa, "Saminaka ne, Baba? Saura mutum ɗaya!"

Malam ya matse birki, ƙarfe ya gogi ƙarfe, keke bai ko rage ba. Ya koma ga birkin gargajiya, wato danna takalmi a kan tayar gaba, sai silifas ɗin ya fice ya yi nasa wuri. Ya karkata dama don kada ya daki but ɗin motar, gefen babbar riga ya shige sarƙa, tayar gaba ta ci karo da dutsen da ke gadin shanya. Shaidu sun yi saɓani a kan ko sau ɗaya ya juya a sama ko sau biyu, amma sun haɗu a kan cewa ya sauka a tsakiyar shinkafar wani bawan Allah, hularsa kuma ba ta faɗi ba.

Irin wannan shari'a ba ta zuwa gaban hukuma. Kotun bakin titi ce ke zama, kuma ba a jiran sammaci: mai shayi, mai faci, 'yan kamasho, fasinjojin motar, da duk dattijon da ya fi kusa, shi ne alƙali. Ƙa'idarta ta farko ita ce a duba ko an zubar da jini. In ba a zubar ba, sai a yi hamdala, sannan a buɗe faɗa. Direba ya ce shi taimako ya tsaya yi. Mai shanya ya ce kakansa ma a nan yake shanya tun kafin a zuba kwalta. Malam ya zaro littafi daga aljihu, ya buɗe shafin da ke da hoton mai keke da miƙaƙƙen hannu, aka karɓa ana zagayawa da shi, kowa ya yaba kyan zanen.

Dattijon ya saurari kowa, sannan ya ce, "Malam, kai da direba da mai shinkafa duk 'ya'yana ne. Shi direba kullum haka yake tsayawa. Shi wannan kullum a nan yake shanya. Mai babur kullum ta nan yake bi. A cikinku wa ya zo da sabon abu yau?" Aka yi shiru, kowa ya juya ya dubi Malam. Hukunci ya tsaya a kan ya karɓi tsintsiya ya tattara shinkafar da ya watsar, direba ya biya kuɗin miƙe tayar gaba, mai shanya ya yafe wadda ta zube a kwata. Wani yaro ya tsinto silifas ɗin, aka ba shi tukuici.

A rubutacciyar doka hukuncin zai bambanta. Mai babur ya bi hannun da ba nasa ba, direba ya sha gaban abin hawa ya tsaya ba gargaɗi, mai shanya ya tare hanya, Malam kuma ya hau titi da keke marar birki. Mutum huɗu, laifi huɗu, kuma laifin Malam ba shi ne wanda kotun ta kama shi da shi ba. Sai dai jami'an da za su rubuta wannan sun fi yawa a birni da kan babbar hanyar Zariya, kuma hankalinsu na kan abin da ke da lamba da lasin. Keke ba shi da ko ɗaya yanzu, saboda haka ba a tare shi, ba a kuma koya wa mai shi komai. Yaro yakan koyi hawa a fili bayan gari, ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin ƙarfe, ranar da ya daina faɗuwa ya gama makaranta.

Da dare al'amarin ba ya ɗaukar wasa. Fitilar da ke cin wuta daga jikin taya ta zama tarihi, abin da ya maye gurbinta shi ne tocilan a baki ko hasken waya, wani lokacin ma babu ko ɗaya. Direban da ya haɗu da wata motar mai cikakkiyar fitila yakan makance na 'yan daƙiƙu, kuma a cikin waɗannan daƙiƙun ne yake wuce duk abin da ke gefen titi. Jan madubi mai ƙyalli a bayan keke da farar riga a jikin mahayi su ne abin da ke nuna wa direba akwai mutum a wurin, kuɗinsu kuma bai kai na buhun da ke kan kariya ba.

Daga Tudun Wada zuwa kudu kekuna suna raguwa, garuruwa suna nisa da juna, motoci suna ƙara wuta don kowa na son ya fita daga daji da rana. Bayan Falgore ƙasa takan fara tudu da gangare, musamman ta wajen Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, inda duwatsun da aka daɗe ana haƙar kuza suke. A can mai keke yakan tura a hawa, ya hau a gangara, kuma masu facin yankin ba sa shan wahalar shawo kan kowa ya sayi robar birki.