Madalla da Masu Maganin Tsufa

Tun da aka halicci ɗan Adam ake tsufa, kakanninmu kuwa, saboda ƙarancin ilimi, suka ɗauka ƙaddara ce. Mutum ya haura saba'in, cinya ta zube, hannu ya soma rawa, sai a ce "Sannu Baba," a miƙa masa sanda. Sai da Allah ya kawo kamfanonin magunguna na Amurka aka gane ashe ciwo ne, yana da suna, yana da magani, maganin kuma yana da farashi. Wanda bai gode wa bayin Allahn nan ba, butulu ne.

Sana'ar tana da asali mai daraja. A 1889 wani shehin likita a Paris, Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya matse marainan karnuka da na ɓerayen masar, ya yi wa kansa allurar ruwan, ya shaida wa malamai 'yan'uwansa cewa ƙarfinsa ya dawo. Bayan shekara biyar ya rasu da ƙuruciyarsa. Serge Voronoff ya gaje shi, yana dasa wa attajirai yankan marainan biri. John Brinkley na jihar Kansas ya zaɓi na bunsuru, ya kuɗance har ya buɗe gidan rediyo. A 1935 aka gano testosteron, sinadarin da marainan ke yi, aka iya haɗa shi a ɗakin bincike, birai da bunsuraye suka huta.

Gwanintar gaske sai a wannan ƙarni. A 2000 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da AndroGel, man testosteron da ake shafawa a kafaɗa, domin mazan da wata cuta ta hana jikinsu yin sinadarin. Waɗannan suna buƙatarsa da gaske, sai dai ba su da yawa, ɗan kasuwa mai hankali kuwa ba ya kafa shago don mutum goma. Sai aka tuna cewa sinadarin yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara a jikin namijin da ya haura arba'in. Ke nan kowane dattijo majinyaci ne, bai dai sani ba. Aka raɗa wa ciwon suna Low T, aka cika talabijin da talla, aka kawo tambayoyi goma da mutum zai yi wa kansa. Kana gyangyaɗi bayan abincin dare? Ranka na yawan ɓaci? Tsayinka ya ragu? Ƙarfinka ba kamar da ba? A nemo mini tsohon da zai tsallake wannan jarrabawa. Mai tallar maganin maza da lasifika a tasha, wanda ke jero ciwon baya da kasala har kowa ya ji da shi ake, ya zo ya ɗauki karatu.

Kasuwa ta yi albarka. Tsakanin 2001 da 2011 masu amfani da testosteron cikin mazan Amurka 'yan shekara 40 zuwa sama suka ninka sau uku. Kusan ɗaya cikin huɗu ba a ma yi musu gwajin jini ba kafin a rubuta musu, don tausayi ya hana a soka wa dattijo allura a kan abin da talabijin ta riga ta tabbatar. Cinikin AndroGel kaɗai ya haura dala biliyan 1 a shekara. Wasu masu bincike a Turai, marasa kishin kasuwa, suka auna maza 'yan 40 zuwa 79, suka ce masu ciwon na haƙiƙa kusan kashi 2 ne cikin 100. Hassada ce kawai.

Kada wani ya ce maganin ba ya aiki. A Boston an gwada shi kan tsofaffi 209 masu wahalar tafiya, ƙarfin ƙafa da na ƙirji ya ƙaru. Ɗan abin da ya gifta shi ne, 23 daga masu shafa maganin sun gamu da matsalar zuciya da jijiyoyin jini, daga masu shafa man da ba komai a cikinsa kuwa 5. A kan wannan kaɗai matsorata suka tsayar da gwajin a ƙarshen 2009.

A Manchester ta Ingila tsofaffi masu rauni suka shafa na wata shida, tsoka ta ƙaru. Aka daina, bayan wata shida ta koma inda ta fito. A nan hikimar take. Jiki in ya ga ana kawo masa daga waje sai ya rage yin nasa, maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙi hajar da ke dawo masa da mai saye da ƙafarsa?

A 2016 aka fitar da sakamakon gwajin maza 790 'yan shekara 65 zuwa sama. Sha'awa ta ɗan motsa, kuma daga baya aka ga ƙarancin jini ya yi sauƙi, ƙashi ya ƙara kauri. Waɗanda aka ɗauka saboda nawar tafiya, da aka auna nisan da suke yi a minti shida, bambancin bai kai a kira shi nasara ba. Kuzari bai taka kara ya karya ba, mantuwa tana nan daram. To, sai me? Tsoka aka yi wa Baba alkawari, kuma ga ta a ma'auni. In bai iya kai ta bakin ƙofa ba, laifin ƙafarsa ne.

Babbar murna ta zo a 2023, da gwajin TRAVERSE na maza 5,246 ya nuna maganin bai ƙara bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Gaskiya ne, a yi guɗa. Rikicewar bugawar zuciya da raunin ƙoda da gudan jini a huhu da aka fi gani ga masu shafawa, ai kowane alheri da ɗan gyararsa. A 2024 kuma aka ƙirga karaya: kashi 3.5 cikin 100 ga masu magani, kusan 2.5 ga marasa shi. Ƙashin da ya yi kauri a hoto shi ya fi karyewa. 'Yan gaza-gani za su ce garin neman ƙiba an samo rama, alhali likitan ƙashi ma yana da iyali.

Ita FDA a 2015 ta nanata cewa ba ta amince a ba da maganin don tsufa kawai ba, kuma tun 2009 ta sa gargaɗi cewa yaron da ya goga jikin mai shafawa na iya soma balaga ba lokaci ba. Ka ji albarka: kaka ya shafa, jika ya girma.

Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne aikin Maria Fiatarone. A 1990 ta ba da rahoton tsofaffi goma 'yan shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da gajiyayyu a Boston, waɗanda ta sa suna ɗaga nauyi da ƙafa. Cikin mako takwas ƙarfin waɗanda suka kammala ya kusa ninkawa sau uku, tafiyarsu ta ƙara sauri. Wannan hanya tana da mugun aibi: ba a zuba ta a kwalba, ba a rubuta ta duk wata, babu mai hannun jarin da zai ci ko sisi. Don haka, Baba, ka rabu da ƙarfen nan, ka zauna a kujera ka shafa mai. Akwai mutanen kirki da abincinsu ya dogara ga zamanka.