Yadda Ake Shiga Kanti da Kare a Birnin Zazzau

Ɗan ƙanwata ya dawo daga Ingila da digiri biyu, da tabarau, da wani ra'ayi. Digirin mun gani mun sa albarka, tabarau kuwa idonsa ne. Ra'ayin ne ya tsaya mana a maƙoshi. Wai a can mutum sai ya ja karensa ya shiga kanti, ya tsaya yana zaɓen riga, karen na zaune gefe kamar ɗan rakiya. Wasu shagunan har kwanon ruwa suke ajiyewa a bakin ƙofa, su manna takarda a gilashi cewa ana maraba da karnuka. Ya nuna mini hotuna a wayarsa, ya ce, "Kawu, me zai hana a fara a nan?" Nan ɗin da yake nufi cikin ganuwa ne, birnin Zariya, inda kakarsa ke jin haushi daga ƙetaren lungu ta janye butarta.

Ban hana shi ba, don hana mai digiri biyu ɓarnar yawu ce. Ya je Sabon Gari ya sayo kwikwiyo da aka rantse masa ɗan asalin Jamus ne, irin na 'yan sanda. Da ya yi wata shida sai ƙafafu da haƙarƙari suka tona asiri, ashe jikan mafarauta ne. Ni dai na zauna na tsara masa shawarwari, kuma tunda na ga karnuka masu gashi buzu-buzu sun fara leƙowa ta tagogin motoci a hanyar Samaru, na san ba shi kaɗai ke buƙatarsu ba.

Ka fara sauke girman kai, domin ba kai ka kawo mana zama da dabba a wurin ciniki ba. Shiga kasuwar birni ka duba rumfar mai hatsi. Ga kyanwa can ta miƙe a kan buhun gero, ciki sama, ta fi mai rumfar sanin inda iska ke kaɗawa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta da izinin wa ta shigo. Akuya ba ta jiran gayyata, tana zuwa ta ɗanɗani alayyahon mutane, a ɗaga mata hannu, ta ja baya taku biyu ta dawo. Doki kuwa sarauta gare shi. Ranar hawan Daushe sai ya tsaya daidai ƙofar shagonka ya yi abin da ya ga dama, kai kuma kana can ka dunƙule hannu kana jinjina. Kai, har kura tana shiga kasuwa. Idan gardawa suka zo da ita da takunkumi da sarƙa, ga biri sanye da 'yar shara, taro ake yi a watsa musu kuɗi. Ƙofa a buɗe take tun kaka da kakanni. An dai kira suna ne, na kare bai fito ba.

Kada ka ɗauka ƙiyayya ce zalla. A wurinmu kare ma'aikaci ne, kuma aikin dare yake yi. Wanda ba ya gadi yana farauta. Idan an kawar da amfanin gona rani ya kankama, za ka ga mafarauta sun cika bayan mota da gora da barandami da karnuka ramammu masu idon da ba ya ƙiftawa. Ana ji da karnukan nan, har kirari ake yi musu, amma ba maharbin da ya taɓa kai nasa ya taya shi zaɓen shadda. Ganin kare a kanti da rana tsaka, a idon mutumin birni, kamar ganin maigadi ne ya zo ɗaurin aure da tocila da kulki.

Sai batun suna. Kada ka kuskura ka sa masa sunan mutum irin yadda ka gani a can. A 2016 a jihar Ogun wani ɗan kasuwa ya raɗa wa karensa Buhari, ya rubuta masa a jiki, ya zaga da shi unguwa. Daga hannun 'yan sanda sai gaban alƙali. To ina ga birnin da kowane suna ke da mai shi, mai shi kuma ke da dangi tun daga Kwarbai har Ƙofar Gayan? Koma ga na iyaye da kakanni, waɗanda habaici suke raɗa wa kare: Bar-su, Ƙyale-su, Ba-ruwanka. Na ƙarshen nan dai ban ba ka shawararsa ba. Mai kanti zai daure ya yi maka fara'a ya ce, "Yaya sunansa?" ka amsa, ciniki ya mutu tun ba a taya ba. Idan kuma mace ka saya, gyara harshenka wajen ka da ƙa, kada ka tsaya gaban dattijo ka ce ka zo masa da ƙarya.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa. Birnin Zazzau garin karatu ne. Mai tiredar da kake gani yana ƙulla sukari a leda, mai yiwuwa da asuba a zauren malami yake, ya sauke Ahalari da Ishmawi yana cikin Risala. Saboda haka kada ka je masa da hujjar Ingila, je masa da ta littafi. Kuma abin mamaki, littafin bai tsananta maka kamar yadda kake tsoro ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har kare, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ruwanta, malamanmu sun ce bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Shafi'iyya ne suka ɗauke shi najasa mai nauyi, suka wajabta a haɗa da ƙasa a ɗaya daga cikin wankin. Har karen Ashabul Kahfi kana iya kawowa, wanda aka ambata cikin Alƙur'ani yana kwance a bakin kogo.

Amma a nan za a kama ka. Mai tireda zai gyara hula ya ce, "Malam, a bakin kogon ka ce yake, ko a ciki?" Daga nan sai ya tuna maka cewa Risalar da kake taƙama da ita ta hana ajiye kare a cikin gida, sai na kiwo ko na gona ko na farauta, kuma sayen sabulu ba ya cikin ukun nan. Idan kana da sauran numfashi, jefa masa labarin da masu sharhi ke bayarwa game da mai Risalar kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. Wai katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya ajiye kare, aka ce masa ai Imamu Malik bai so haka ba, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu zaki ma zai ajiye. Mai tireda zai yi dariya, don ya san labarin tun kafin a haife ka. Sannan ya leƙa ya dubi katangar shagonsa, ya ce tasa dai tana tsaye, alhamdulillahi. Zai ƙara da cewa ya ji hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, kuma a yanayin kasuwar nan ya fi buƙatarsu a kan naira ɗari biyar ɗinka. Shawarata a nan ita ce ka ce "Allah ya gafarta Malam," ka ja igiyarka.

Abu guda ne ba na wasa da shi, shi ne allura. Tsoron da tsofaffi ke yi wa cizon kare yana da tushe, domin ciwon haukan kare idan ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru, ga cibiyar Vom ta jihar Filato tana yin maganin rigakafin. Kai shi a yi masa, a ba ka kati, ka riƙa sabuntawa. Idan tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti nan take, a bar maganar shafa toka da neman gashin karen. Katin kuwa ka sa shi a aljihu, amma kada ka zaci tikitin shiga kanti ne. Amfaninsa ranar da aka kai ka gaban mai unguwa.

Hanya kuma sai ƙafa, don ba ɗan acaɓan da zai goya ku ku biyu, mai Keke kuwa zai ce ya cika ko da iska ya ɗauko. Ta Ƙofar Doka za ka shiga in daga Tudun Wada kake. Ka guji Juma'a gaba ɗayanta, musamman wajajen fada, inda masallacin da Babban Gwani ya gina a shekarun 1830 yake, ga jama'a cikin fararen kaya sun shimfiɗa darduma har kan titi. Ka guji lokacin tashin makarantar allo, domin yaron birni da tsakuwa da kare tsohuwar gaba ce, ba ta jin sulhu. Lungu shi ne babbar jarrabawa. Akwai inda faɗinsa bai wuce ka miƙa hannu biyu ka taɓa katangu ba, kwata ta ci rabi. A nan za ka yi kiciɓis da dattijo ya taho da babbar riga ta sha bugu, yana tattare hannayenta a kafaɗa. Kai ne za ka faɗa kwata, kai da karen, ka kuma yi gaisuwa daga ciki.

In Allah ya kai ka lafiya, sai ka gano abin da tun farko ya kamata a faɗa maka: yawancin shagunan birni ba a shiga. Ɗaki ne aka fasa daga katangar gida kusa da zaure, mai shi na ciki, kaya sun kewaye shi, kai kana waje ka miƙa hannu. Kai da kake ɗan Adam mai digiri biyu ba ka shiga ba, balle Bar-su. Inda ake shiga kuma kowanne da matsalarsa. Wurin masu ɗinkin hannu, an baza riga mai aska takwas a tabarma, aikin watanni, sawu ɗaya ya isa a yi kare jini biri jini. Wurin dukawa ƙanshin fata zai sa karenka ya zaci walima aka shirya masa. Rumfar masu littattafai kada ma ka dosa. Mahauta ne kaɗai ba za su firgita ba, don sun saba da karnuka na zagaye, sai dai su a wurinsu kare almajirin ƙashi ne, kuma ba a sallamarsa sai an tashi.

Kwanon ruwan nan da ya burge ka a hoto, taho da naka daga gida. Idan ka roƙi mai shayi kofi don kare, ba zai zage ka ba, zai dai dube ka ne kallon da za ka gwammace zagin.

Ɗan ƙanwata ya ce ai a Ingila doka ce, ba mai kantin da ya isa ya hana makaho shiga da karen da ke yi masa jagora. Na ce gaskiya ne, kuma doka ce mai kyau, amma shi wancan karen a bakin aikinsa yake, kai kuwa tabarau kawai gare ka.

Akwai mutum ɗaya da zai yi murna da ganinku, shi za ka fi tsoro. Zai tsugunna ya dubi karen da sha'awa, ya shafa bayansa, ya latsa cinya, ya ce, "Oga, yana cin abinci sosai. Nawa?" Kada daɗi ya kwashe ka ka ce ga wayayye. A ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato akwai babbar kasuwar karnuka, a garin da ake kira Dawaki, kuma waɗanda ake lodawa zuwa can ba zaɓen riga ake kai su ba.

Ranar wata Asabar ɗan ƙanwata ya gwada. Ya yi wa karen nasa, Bar-su, wanka da sabulu mai ƙanshi, ya ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, ya sa kati a aljihu da kwano a jaka. Ina biye da su daga nesa, nesa ƙwarai, yadda ba za a ce tare muke ba. Suna dosar Ƙofar Doka karen ya ja birki. Ya dubi ƙofar, ya dubi yara uku da suka riga suka sunkuya suna tsintar wani abu a ƙasa, ya juya ya shige ƙarƙashin bencin wani mai faci ya kwanta tsakanin tsofaffin tayoyi. Aka ja, aka lallasa, aka yi Turanci, ko gezau. Mai facin ya ce, "Alhaji ƙarami, bar shi nan ka je ka dawo, ya fi ka sanin gari."

Ya shiga shi kaɗai ya sayo sabulunsa. Da ya dawo ya tarar an kwance jan ƙyallen ana goge hannu da shi, Bar-su na gwaguyar ƙashin da mai tsire na kusa ya jefo masa. Mai facin ya ce sau biyu ana ɗauke masa injin iska da dare, ko za a bar masa shi ya riƙa kwana, shi zai ciyar. Wata uku ke nan yana aiki a can, ya yi ƙiba, an ce ko ɓera ba ya gilmawa. Ɗan ƙanwata kan je duba shi ranar Asabar, sai dai daga bakin titi yake tsayawa su gaisa, don Bar-su ba ya barin kowa ya shiga shagon sai mai facin.